Komai Nisan Jifa, Ƙasa Zai Faɗo: Darussan Harbin Murnar Sallah a Sakkwato

A daren 29 ga watan Ramadan, kunnuwan Musulmin Najeriya duka Sakkwato suke fuskanta. Sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, ya yi magana sannan ake sanin ko gobe Sallah ce ko da sauran azumi ɗaya. Da zarar sanarwa ta fito daga fada sai gari ya ɗauka. Teloli su ƙara wa keke wuta, mata su zauna ƙunshi, yara su cika lunguna da kabbara, masu babura su riƙa zagaye daga Ƙofar Rini zuwa Gawon Nama. Da safe kuma jama'a su yi ɗango zuwa Faƙon Idi cikin fararen kaya da ƙamshin turare.

A cikin wannan hayaniya mai daɗi akwai wata ƙara da muka saba da ita tun muna yara, ita ce ƙarar bindiga. Sabon da muka yi da ita ya sa da yawa daga cikinmu ba su lura cewa bindigar ta canza ba. Wadda muka taso muna ji albarushi kawai take ci, ta yi tsawa ta yi hayaƙi. Wadda ake ji a wasu dararen Sallah da bukukuwan aure a 'yan shekarun nan harsashi mai rai take fitarwa, kuma duk harsashin da ya tashi sama sai ya sauko a kan wani abu ko a kan wani mutum. Abin da idona ya gani game da bindigogin nan biyu shi nake son in ba da labari, tare da abin da na koya.

Kawuna, Allah Ya ji ƙansa, maharbi ne, kuma yana cikin masu harba bindigar gargajiya idan ana hidimar Sallah ko naɗin sarauta. Tun jajibiri yake fito da bindigarsa, irin wadda ake ce wa harba-ka-ruga, ya shimfiɗa buzu a zaure, ya goge bututun da tsumma da man gyaɗa. Yana da wani ɗan ƙaho da yake auna albarushi da shi, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Idan ya zuba sai ya cusa tsumma, ya danna da siririn sanda a hankali. Ranar hidima ba ya yarda ko tsakuwa ɗaya ta shiga bututun, balle dalma. Mu yara a bayansa muke tsayawa, kuma duk wanda ya gitta ta gabansa zai sha rankwashi. Abin da yakan faɗa mana ke nan: "Ku ja baya, bindiga ba ta san yau Salla ta ba."

Duk da wannan taka-tsantsan, a cikin abokan harbinsa akwai wani dattijo mai yatsu uku a hannun hagu. Wata Sallah ce ya so tasa ta fi ta kowa ƙara, ya ninka albarushi, bututun ya tsage a hannunsa. Yawancin irin waɗannan bindigogi maƙera ne suke ƙera su da bututun ƙarfe na yau da kullum, wanda ba a gwada ƙarfinsa ba, kuma tsatsa tana cin sa daga ciki inda ido ba ya gani. Ko da bututun bai fashe ba, tsumman da aka danna yana fita da wuta da ƙarfi, yana iya ƙona fuska ko ya tsiyayar da idon wanda ya matso kusa. Doki kuma idan ya firgita da ƙara a tsakiyar taro, ba ya duba yaro ko tsoho. Darasin farko da na ɗauka daga zauren kawu ke nan: ko bindigar al'ada tana da doka, kuma dattawan da suka riƙe ta sun fi kowa tsoron ta. Wanda bai zauna a gabansu ya koya ba, bai cancanci ya ɗauke ta don ya burge 'yan mata ba.

Darasi na biyu ya zo mini ta hanya mai ɗaci. Wata ƙaramar Sallah ce da ta faɗo a tsakiyar bazara. Duk wanda ya san zafin Sakkwato a wannan lokaci ya san ɗaki ba ya kwantuwa, musamman idan babu wuta, don haka kowane gida a tsakar gida ake shimfiɗa tabarmi. A daren da aka ga wata mun ji harbi daga nesa, irin mai zuwa a jere, ba irin na albarushi mai tashi ɗaya ya yi shiru ba. Babu wanda ya damu. Wani ma cewa ya yi, "Ai murna ce ake yi."

Can sai muka ji ihu daga gidan maƙwabcinmu. Ɗiyarsa ce, yarinya 'yar firamare, tana kwance kusa da uwarta, an ɗaure mata hannu da ƙafa da leda saboda lalle. Uwar ta ɗauka kunama ce ta harbe ta, har ta fara kakkaɓe tabarma. Da aka haska fitila sai aka ga jini yana fitowa daga saman kafaɗarta, ta wani ɗan rami da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Babu wanda ya shigo gidan, ƙofa a rufe take, katanga ba ta da ɓula. Uwar tana kuka tana kiran mijinta: "Malam, taho ka gani, ɗiyarka na zub da jini!"

A motata muka kai ta asibiti, uban yana danne da raunin da hularsa ta Sallah. Da aka ɗauki hoto, likita ya ɗaga shi ga fitila ya nuna mana wani ɗan farin abu mai tsini a maƙale kusa da allon kafaɗa. Ya ce harsashi ne, kuma daga sama ya shigo. Ya auna da yatsunsa tsakanin inda ya shiga da wuyanta, ya ce da ya goce kaɗan da wani labarin ake yi. Uban ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya juyo ya tambaye ni abin da har yau ba ni da amsarsa: "Wa ya halba? Mi munka yi mishi?"

Yarinyar ta rayu, Alhamdu lillahi. Amma a gadon asibiti ta yi Sallah, kayan da aka ɗinka mata suna ninke a cikin akwati. Kuɗin da uban ya tara don hidimar Sallah da guzurin damina duk sun tafi a tiyata da magani. Har yanzu hannun ba ya ɗaguwa sosai, ba ta iya ɗora tulu a kai da kanta. Wanda ya yi harbin kuwa, mai yiwuwa da safe ya sa sabuwar riga ya tafi Idi, ya ci tuwon Sallah, bai san ya zubar da jinin kowa ba. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin al'amarin: laifi ne da mai yin sa ba ya ganin abin da ya aikata, saboda haka babu abin da zai hana shi sake yi baɗi.

Bayan wannan dare na shiga neman sanin yadda harsashin da aka harba sama yake iya yin irin wannan ɓarna, domin ni ma, kamar yawancin mutane, na taso da tunanin cewa yakan ɓace ne a sararin sama ko ya faɗo a sanyaye. Harsashin bindiga ƙirar AK-47 yana barin bakinta da gudun da ya wuce mita 700 a sakan ɗaya. Idan an miƙe ta sama sak, zai hau har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya juyo. Wani jami'in sojan Amurka mai suna Julian Hatcher, wanda ya yi fice a binciken makamai, ya nuna cewa harsashin bindigar soja yana dawowa ƙasa da gudun kimanin mita 90 a sakan, wato fiye da kilomita 300 a awa. Masana suna cewa gudun da ya kai mita 60 a sakan ya isa ya fasa ƙoƙon kai. To, ina ga kan jariri da ko maɗiga ba ta gama rufewa ba?

Kuma ai da wuya mai murna ya miƙe bindiga sak. Yakan karkata ta ne, hannu ɗaya, yana tafiya ko yana bayan mota. Harsashin da aka harba a karkace ba ya rasa gudunsa gaba ɗaya, yana tafiya da tsininsa a gaba, kuma yana iya cin fiye da kilomita 2 kafin ya sauka. A gari mai cunkoso irin Sakkwato, wannan yana nufin ya tsallake unguwa biyu ko uku ya dira a gidan da ko ƙarar harbin ba su ji sosai ba. Kwanon rufin da ke kan yawancin ɗakunanmu ba ya tare shi. Hausawa sun riga sun faɗa, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Ba mu kaɗai wannan masifa ta dama ba, kuma waɗanda suka ƙirga asararsu sun bar mana abin dubawa. A wani asibiti a birnin Los Anjalas na Amurka, likitoci sun tattara bayanan mutum 118 da harsashi mai faɗowa daga sama ya samu tsakanin 1985 da 1992. Kashi 77 cikin 100 a kai ya same su, kuma 38 daga cikin mutum 118 ɗin sun mutu, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane uku. A watan Oktoba na 2012, a wani ƙauye kusa da Abƙaiƙ a gabashin Saudiyya, harbin murnar aure ya tsinke wayar lantarki ta faɗo kan mahalarta biki, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu mata da yara. A Bairut ta ƙasar Labanan, ɗan ƙwallon ƙafa Muhammad Atwi yana tafiya a titi a watan Agusta na 2020 harsashi ya same shi a kai, ya yi jinya ya rasu a watan Satumba. A Kabul kuma, a farkon Satumba na 2021, kafofin labarai sun ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 17 a dare ɗaya sakamakon harbin murna. Jihar Arizona ta Amurka sai da harsashi ya kashe wata yarinya 'yar shekara 14 a bayan gidansu a 1999, sannan a 2000 ta yi dokar da ta mayar da harbi sama a cikin gari babban laifi. Bai kamata mu jira sai mun yi irin wannan jana'iza kafin mu farga ba.

Darasi na uku a zaman jaje na koye shi. Mata da maza sun yi ta shigowa gidan maƙwabcina, kuma kusan kowa kalma ɗaya yake faɗa: "Ƙaddara ta, sai haƙuri." Gaskiya ne, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Ubangijinsa, kuma wannan kalma tana sanyaya zuciyar wanda abin ya shafa. Amma kalma ce ta mai jinya. Idan ta koma bakin mai harbi, ko bakin al'ummar da ta ƙyale shi, ta zama mafaka. Addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne kuma ya ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i, har da azumin wata biyu a jere. Idan wannan ne nauyin da ke kan wanda hannunsa ya kuɓuce, ina ga wanda ya ɗaga makami da gangan a tsakiyar gidajen mutane? Rashin sanin wanda harsashinka ya samu bai sauke maka haƙƙinsa ba. Ya dai hana ka damar neman yafiya a duniya.

Malamanmu na zaure sun san cewa Imamu Buhari ya ware babi guda a cikin littafin Idi a kan ƙin ɗaukar makami ranar Sallah da cikin Harami. A nan ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, wanda tsinin mashi ya soke shi a tafin ƙafa a Mina cikin cunkoson alhazai. Hajjaju ɗan Yusufu, wanda yake riƙe da iko a lokacin, ya zo duba shi yana nuna cewa da ya san wanda ya yi da ya hukunta shi. Ɗan Umar ya nuna masa cewa shi ne ya jawo, tunda shi ya bari aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗaukarsa, kuma a wurin da ba a shiga da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, ya hana nuna ɗan'uwa da makami, ya kuma hana tsorata Musulmi. Haka nan ya bar Habashawa suka yi wasa da masu a masallaci ranar Idi. Wasan da ke gaban ido, a fili sananne, a hannun waɗanda suka iya, daban yake da sakin harsashi cikin duhu a kan garin da ke barci.

Amsar ɗan Umar ita ce darasi na huɗu, domin ta nuna inda alhaki yake. A iya abin da na gani, mai harbin murna da wuya ya yi don kansa. Yakan yi ne don a san maigidansa ya iso, ko don ango ya ji daɗi, ko don a ce bikin gidan wane ya fi na gidan wane. Idan ya harba sai a yi guɗa, a yi masa liƙi, yara su bi shi suna tsintar kwanson harsashi. Babban mutumin da aka yi dominsa yana murmushi a cikin mota. Da zai sauke gilashi ya ce ba ya so, da an daina a ranar. Saboda haka duk wanda aka yi harbi don a girmama shi bai hana ba, da duk wanda ya yi tafi, yana da rabonsa a cikin jinin da ya zuba.

Doka ma ba ta bar ƙofa ba. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta haramta wa farar hula riƙe bindigar yaƙi, ta kuma ɗora sharaɗin lasisi a kan sauran bindigogi. Jami'in da hukuma ta ba makami kuwa amana aka ba shi don kare rai, kuma kowane harsashi da ke hannunsa da dukiyar jama'a aka saye shi. Rundunar 'yan sanda tana da ƙa'ida ta 237, wadda aka sabunta a 2019, da ta taƙaita amfani da bindiga ga halin da rai yake cikin haɗari. Murnar Sallah ko rakiyar amarya ba sa cikin wannan hali. Yanzu da masu riƙe da makami suka ƙaru a jiharmu, daga 'yan banga har zuwa rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024, buƙatar wannan tarbiyya ta fi ta kowane lokaci.

Akwai kuma wata cutarwa da ba ta barin tabo a fata. Sakkwato ta yau cike take da 'yan'uwanmu da suka baro Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo saboda hare-haren 'yan bindiga. Na ga wata tsohuwa daga cikinsu da ke zaune a unguwarmu, ana fara harbin biki ta suri jikanta ta shige ƙarƙashin gado, jikinta yana rawa, tana kiran sunayen waɗanda aka kashe mata. Abin da wani ya kira murna, ita dawo mata da ranar da aka ƙone garinsu ya yi. Ban da wannan, harbi a wurin taro yana iya jawo turmutsutsu, a tattake yara da tsofaffi. Mafi muni kuma, idan kunne ya saba da harbin wasa, ranar da na gaske ya zo mutane za su ce ai biki ne, su ci gaba da zama.

Darasi na ƙarshe na aiki ne, kuma ina so kowane magidanci ya riƙe shi. Idan ka ji harbi ya tashi, kada ka fita kallo, kada ka bar yara su fita. A tashi daga tsakar gida a shiga ɗaki, kuma ɗaki mai rufin siminti ko soron ƙasa ya fi na kwano kariya. Idan wani ya faɗi ko ya yi ihu kuma aka ga jini ba tare da sanadi ba, a kawo harsashi a rai, kada a ɓata lokaci wajen neman kunama ko tofi kawai. A danne raunin da tsumma mai tsabta, kada a tona neman abin da ya shiga, kada a zuba toka ko garin magani, kada a ba shi abinci ko ruwa tunda mai yiwuwa ne a yi masa tiyata, a garzaya asibiti mafi kusa. Mutane da yawa suna jin tsoron kai mai raunin bindiga asibiti saboda batun takardar 'yan sanda. Ya kamata a sani cewa tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran wannan takarda ba, kuma ta kare wanda ya taimaka ya kawo shi. Bayan haka a kai rahoto, ko da ba a san mai harbin ba, domin abin da ba a rubuta ba hukuma za ta ɗauka bai faru ba.

Ban ce a kashe al'ada ba. Ina son jikokina su ji tsawar albarushi a filin hawa, su ga hayaƙi ya tashi a gaban dawaki kamar yadda na gani. Amma a bar ta a hannun waɗanda sarauta ta sani, a fili buɗaɗɗe, da rana, da tazara tsakaninsu da jama'a, kuma a duba lafiyar kowace bindiga kafin ranar. Harsashi mai rai kuwa ba shi da gurbi a cikin murnarmu ko kaɗan.

Ina roƙon limamanmu su sa wannan magana a huɗubar Juma'ar ƙarshe ta Ramadan da ta kafin Layya. Ina roƙon iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni su sanar tun kafin Sallah cewa duk gidan da aka yi harbi a bikinsa, maigidan ne zai amsa tambaya. Ina roƙon shugabannin jami'an tsaro su ƙirga harsasan yaransu kafin Sallah da bayanta. Kai kuma mai karatu, idan an zo yin harbi don a faranta maka rai, ko a ƙofar gidanka, ko a bikin ɗanka, ka tashi ka ce ba ka so, kuma ka faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Allah Ya maimaita mana, Ya sa mu yi Sallah lafiya mu gama lafiya.